Yadda ake rubuta ƙagaggen labari a kai shi ga masu karatu ta waya

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sakkwato cikin shekarun 1990 zai tuna yadda littattafan hikaya suke isowa daga Kano cikin kwalaye, a baje su a rumfunan kasuwa, kashi na ɗaya yau, kashi na biyu sai bayan makonni, ga kuma masu ba da haya da ke rubuta sunan mai aro a wani tsohon littafin makaranta. Littafi guda yakan zaga gida biyar kafin ya koma hannun mai shi, bangonsa ya yi laushi, wani shafin har da ɗigon miya. Yau karatun ya koma cikin waya. Idan aka idar da sallar Isha'i a lokacin bazara, aka fito da tabarmi tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa, hasken da ake gani a fuskar matar gida ko 'yar makaranta sau da yawa hasken labari ne.

Sauyin ya sauƙaƙa wa marubuci fitowa, domin ba ya bukatar kuɗin ɗab'i ko ɗan kasuwar da zai karɓi littafinsa, amma ya tsananta masa ta wata fuskar. Wadda ta biya kuɗin haya takan daure ta kai ƙarshen littafi ko da bai yi mata daɗi ba, don kada kuɗinta ya tafi a banza. Mai karatu a waya kuwa yatsansa na bisa gilashi, da zarar shafi ya gundure shi sai ya wuce. Saboda haka tsarin da zan bayyana a nan ya ginu a kan jeri guda: a gama labari, a gyara shi, sannan a sake shi. Mafi yawan littattafan da ke mutuwa a tsakiya a zaurukan WhatsApp sun mutu ne don an juya wannan jeri.

Matakin farko shi ne karatu, kuma ba karatun jin daɗi kawai ba. A nemi littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a haɗa da wasu daga cikin littattafan da suka yi tashe a Kano daga shekarun 1980, sannan a ɗauki biyu ko uku cikin waɗanda ake yayi a waya yanzu. A karanta da biro a hannu, ana tambayar kai: a wane shafi ne na fara damuwa da wannan mutum, kuma me marubucin ya yi har na damu? A ina hankalina ya tafi wani wuri? Rabin sa'a a kullum ya wadatar, in dai an riƙe shi. Ɗan Sakkwato yana da wani darasin a kusa da shi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma waƙoƙin da jajis ɗinta na 'Yan Taru, wato malamai mata da ta horar, suka riƙa kai wa matan karkara an tsara su ne domin kunnen da zai saurare su, su haddatu, su fahimtu ba tare da malami a kusa ba. Ta san wanda take yi wa magana kafin ta ɗauki alƙalami. Marubucin yau shi ma ya kamata ya iya faɗin wanda yake rubuta wa: ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke karatu a motar Dandima, ko uwar 'ya'ya huɗu da ba ta samun sukuni sai ƙarfe goma na dare.

Mataki na biyu shi ne a matse labarin cikin jimla ɗaya ko biyu, a rubuta a takarda. Dole jimlar ta ƙunshi mutum, da abin da yake so, da abin da ya tare masa hanya. "Labari ne a kan illar cin amana" ba labari ba ne tukuna, jigo ne tsirara, kuma wa'azi ake yi da shi. Amma idan aka ce wani saurayi daga Wurno ya karɓi albasar baffansa bashi zai kai Kudu, mota ta lalace a hanya, kayan suka ruɓe, alhali 'yar baffan ce aka yi masa baiko da ita, to, an sami abin da zai ɗauki babi talatin. Akwai bashi, akwai zumunci, akwai kunya, akwai kuma zaɓi tsakanin faɗin gaskiya da ɓoye ta. Jigon zai fito da kansa daga abin da mutanen suka aikata. Ina ba da shawarar a fara da wuri da sana'ar da aka sani, domin wanda ya san ƙamshin majema da hayaniyar kasuwar Kara ranar da dabbobi suka cika zai rubuta su fiye da yadda zai rubuta gidan attajiri a Dubai da bai taɓa gani ba sai a hoto. Mai son labarin tarihi kuma yana da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari, ya je ya yi tambaya kafin ya sa wa mutanen zamanin Sarkin Musulmi Bello tufafin da ba nasu ba.

Na uku, a tanadi ƙaramin littafin rubutu na takarda domin taurarin labari. Kowane mutum a ba shi shafi: sunansa da laƙabinsa, shekarunsa, unguwarsu, wa ya haife shi, wa yake kira Inna, wa yake kira Goggo, me yake tsoro, wace kalma ce ba ta barin bakinsa. A wani shafin a zana dangantakar gidan kamar reshen itace, a wani kuma a jera abubuwan da suka faru bisa watanni, don kada a yi auren da azumi sannan a haihu kafin babbar salla. Na koyi amfanin wannan littafi ne ta hanyar jin kunya. A labarina na farko, wanda na riƙa sakin sa shafi-shafi tun ban san ƙarshensa ba, na kashe mahaifiyar tauraruwa a babi na huɗu, aka yi zaman makoki har da addu'ar bakwai, sannan a babi na ashirin da tara sai ga ta tana dama fura tana yi wa 'yarta nasiha. Wata mai karatu ta aiko mini da saƙo cikin ladabi, ta ce, "Malam, Allah ya ƙara basira, amma Innar nan ba ita ce muka yi wa ta'aziyya ba?" Shafin ya riga ya zaga zauruka, babu halin janye shi.

Daga nan sai taswirar babi-babi. Layi biyu ko uku ga kowane babi sun isa: wa ke ciki, me ya faru, me ya canja. Babin da aka rasa amsar tambaya ta uku a kansa a cire shi tun yanzu. A tabbata an san ƙarshen labarin, ko da daga baya za a sauya shi.

Mataki na biyar shi ne zaman rubutun kansa, kuma a nan lissafi ya fi zumuɗi amfani. Wanda ya rubuta kalma 500 a kullum zai tara kalma 40,000 cikin kwana 80, wato littafi cikakke. A zaɓi lokacin da ba ya canjawa. A Sakkwato, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar Asuba ya fi dacewa, kai yana sanyi, waya ma tana sanyi, kuma cajin da aka samu da dare bai ƙare ba. Kada a rubuta labari kai tsaye cikin WhatsApp. A yi amfani da manhajar rubutu irin Google Docs ko WPS Office ko Microsoft Word, kowane babi a fayil nasa mai lamba, kuma a kowane mako a aika wa kai kwafi ta imel ko a ɗora a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, abin da littafi ɗari ba za su cika ba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a tasha, tana mutuwa a hannun mai caji. Game da tsawon babi, abin da na ga ya fi zama daidai da mai karatu a waya shi ne kalma 1,200 zuwa 1,500, da sakin layi gajeru, kowane mai magana a sabon layi. A rufe babi a inda wani abu ya rage a buɗe, wata tambaya ko wani shiga ɗaki ba sallama, amma ba dole ba ne kowane babi ya ƙare da suma ko haɗarin mota. A wannan mataki kada a tsaya gyara. A ci gaba har a rubuta kalmar ƙarshe, ko da ana jin rabin abin da aka rubuta shirme ne.

Mataki na shida ya shafi harshe, kuma a nan marubucin Sakkwato yake da aikin da na Kano ba shi da shi. Daidaitacciyar Hausa, wadda ake koyarwa a makarantu ake kuma rubuta jaridu da ita, ta fi kusa da Kananci, alhali abin da muke ji a Kanwuri da Mabera da Runjin Sambo Sakkwatanci ne. Hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce a rubuta bayanin mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, a bar wa taurari bakinsu a cikin zance. Tsohuwa a Ƙofar Marke ba za ta ce wa jikarta "me suka ce?" ba, "mi sunka ce?" za ta ce, kuma idan aka daidaita mata harshe an kashe ta. Sai dai akwai tarko guda da ya kamata a sani. A Sakkwatanci "abin da suka yi" yana nufin abin da suke cikin yi yanzu, domin wanda ya wuce "sunka yi" ne, amma mai karatu a Zariya ko Bauci zai ɗauka an riga an gama. Haka "muka" da "kuka" da "aka". Idan zancen ya faɗo a wurin da wannan bambanci zai rikita ma'ana, sai a sake gina jimlar, ko a sa amsar ɗaya mutumin ta fayyace lokacin. Ba a bukatar cika kowane layi da karin harshe. "Munka", "wanga", "ɗiyata" da "tahi" kaɗan a bakin mutum ɗaya sun isa mai karatu ya ji daga inda ya fito, kuma duk wanda aka ba Sakkwatanci a babi na biyu kada ya wayi gari Bakano a babi na goma ba tare da dalili ba.

Ƙa'idojin rubutu ma a nan suke shigowa. A sa Hausa cikin harsunan allon rubutu na waya, Gboard yana da ita, domin a sami ɓ da ɗ da ƙ. Rashin ƙugiya yana mayar da ɓari ya zama bari, ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki. A raba "ya ce" da "shi ne" da "za su" da "ba ya", a haɗe "yana" da "suke" da "littafinsa". A bambanta "a kan tebur" da "akan yi haka". Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne malamin Hausa ko alƙalin gasa yake fara gani, kuma shafin da ya cika da su yana gajiyar da ido ko da mai karatu bai san dalili ba. Gajerce-gajercen hira irin na saƙon waya ba su da wuri a cikin littafi.

Na bakwai shi ne gyara. Idan an gama, a rufe fayil a bar shi mako biyu ba a leƙa ba. Sannan a karanta daga farko da murya a bayyane, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake: jimlar da numfashi ba ya kai ƙarshenta, kalmar da aka maimaita sau uku a layi biyu, zancen da babu Bahaushen da zai furta shi haka. A karatun farko a duba ginin labari kawai, a na biyu a duba harshe. Wuraren da aka fi samun kitse su ne gaishe-gaishe masu tsawo, da lissafin kayan ɗaki da na lefe, da bayanin kyawun tauraruwa daga gashi har yatsun ƙafa. A rage su ba tausayi. Bayan haka a ba mutum uku su karanta: wanda ya san ƙa'idar rubutu, wanda ya san sana'a ko muhallin da aka yi magana a kai, da mai karatu na yau da kullum wanda ba ya jin nauyin marubucin. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi, domin kara za ta sa su ce ya yi. A tambaye su a wane shafi suka ajiye waya, kuma wane mutum ne ba su yarda da abin da ya aikata ba. Idan labarin ya taɓo hukuncin aure ko saki ko gado, a kai wa malami wannan babin ya duba, domin a garin nan kuskure irin wannan ba ya wucewa ba a tanka ba.

Mataki na takwas shi ne shirya littafin. Akwai siga biyu da aka fi amfani da su. PDF yana riƙe shafi yadda aka tsara shi, shi ya sa idan aka yi shi da girman takardar ofis sai rubutun ya zama ƙanana a waya, mai karatu yana ja yana matsawa. A tsara shi da ƙaramin shafi irin A5 da manyan haruffa, a gwada a waya mai ƙaramin gilashi, a kuma tabbata haruffa masu ƙugiya sun fito ba su koma akwatuna ba. EPUB kuwa yana bin girman kowace waya, mai karatu na iya ƙara girman rubutu, kuma manhajar Calibre ta kwamfuta tana juya fayil zuwa wannan siga kyauta. Bango ya zama mai sauƙi, sunan littafi ya karantu ko da hoton ya ƙanƙance, kuma kada a ɗauko hoton wata 'yar fim ko wata baiwar Allah daga Facebook a liƙa ba da izininta ba. Haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci da zarar ya rubuta aikinsa, kuma a dokar Nijeriya yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa, amma yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya yana ba da takardar shaida da za ta yi amfani ranar jayayya. Lambar ISBN mai alƙaluma 13 kuma, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma wanda ke da niyyar kai littafinsa shaguna ko makarantu zai bukace ta.

Sai mataki na tara, wato inda za a saki littafin da yadda za a karɓi kuɗi. Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, ya dace da sabon marubucin da ke neman a san shi, domin mafi yawan karatun da ake yi a can kyauta ne. Akwai kuma dandalin da aka gina domin littattafan Hausa, irin su ArewaBooks da Bakandamiya Hikaya, sai a karanta sharuɗɗansu da kyau, musamman kason da marubuci ke samu da kuma ko an hana shi sa littafin a wani wuri. Zauren WhatsApp shi ne ya fi kusa da masu karatu, yana ɗaukar mutum 1,024, kuma al'adar da aka saba ita ce a saki shafukan kyauta, wanda ya ji yana so ya biya a sa shi a zauren kuɗi. A nan amfanin gama littafi tun farko yake bayyana, domin marubuci zai iya alƙawarin babi ɗaya kullum da ƙarfe takwas na dare ya kuma cika, ko yana jinya ko babu wuta, maimakon ya karɓi kuɗin mutane sannan ya shiga ba su haƙuri. A faɗi adadin babi da farashi tun ranar farko. A tuna kuma da masu karatu na Nijar, waɗanda ga Sakkwato maƙwabta ne na kusa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taku kaɗan ne, a tanadar musu hanyar biya da sefa. Duk inda aka sa littafi, asalin fayil ya zauna a hannun mai shi. OkadaBooks, wanda aka buɗe a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a cikinsa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Fitar da littafin kuɗi zuwa zaurukan kyauta matsala ce da babu wanda ya gama maganinta. Abin da ke rage ta shi ne a guji raba cikakken fayil tun da wuri, a riƙa saki babi-babi, a rubuta sunan marubuci da hanyar biya a farkon kowane babi da ƙarshensa, ta yadda ko an kwashe shi zai tafi da adireshin mai shi. Masu karanta littattafai da murya a YouTube kuma, idan sun nemi izini, a yi yarjejeniya a rubuce ko da ta saƙon waya ce, a ambaci kuɗi da tsawon lokaci da tashar da aka yarda a sa.

Bayan an fara saki, sharhi zai riƙa shigowa, wasu na roƙon kada a kashe wane, wasu na neman a aurar da wance ga wanda suke so. A karanta, a gode, a rubuta kurakuran gaskiya da aka nuna a wani shafi domin bugu na biyu, amma kada a sauya ƙarshen da aka gina tun babi na ɗaya saboda zaure ya yi hayaniya. Wanda yake son gwada ƙarfinsa a gaban alƙalai ya gwada gajeren labari: akwai gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara domin mata a 2016, kuma Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake zaman karatu da sharhi. Idan littafin ya karɓu har aka tara abin bugawa a takarda, a fara da kwafi kaɗan gwargwadon waɗanda suka riga suka nema, a karɓi samfuri ɗaya daga maɗaba'a a duba shi shafi-shafi kafin a ba da izinin buga sauran, sannan a ware kwafi uku da doka ta wajabta wa mawallafi ya miƙa wa Ɗakin Karatu na Ƙasa.